Kwanon Madam Sansel

"To ɗaga gemun in gani! In ba ka ci ba, wannan jan da ke ƙasan leɓenka lalle ne?"

Alhaji Ɗahiru ya kai hannu ya shafi gemu, ya dubi tafinsa, ya yi wuf ya goge a bayan riga. Manja ne, ja wur, irin wanda ba ya ɓuya.

"Zaituna, ba maganar gemu na kawo miki ba. Maganar kwano na kawo. Dubi kwanonki."

Ta duba. Kwanonta shuɗi da ta saya a kasuwar Dantokpa yana zaune a tsakar gida yadda ya fita. Tuwon masara malmala uku, miyar ayoyo ta huce ta yi fata, sai wani ɗan rami a gefe, inda wani bawan Allah ya sa yatsa don kunya ya janye.

"Ramin wa ke nan?"

"Na Dramane. Da ya haɗiye sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Kin ji? Mutum ya ci tuwon gidana ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sai ka ce dubiya ya zo!"

"Ai dubiyar ce. Wa likita ta ce tansiyonsa ta kai sha takwas? Ni ko kai?"

"Kin san sunan da ake kiranki da shi a Zongo yanzu? Madam Sansel. Har masu zemijan, masu ɗaukar mutane a babur, sun iya. In an ce a kai mutum gidan Alhaji Ɗahiru mai motocin kamiyo, sai su ce, a'a, gidan Madam Sansel?"

Wannan ta soke ta, ba ta dai nuna ba. Sansel, wato babu gishiri, kalmar da likita ta yi ta nanatawa ke nan da Faransanci ranar da suka je asibiti. Ban da gishiri, ban da dunƙule, manja sai dai a ɗiga kamar turare, shayi kuma ba madarar gwangwani. Alhaji ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, suna fitowa ya ce yarinyar ba ta yi kama da wadda ta taɓa cin abinci mai daɗi ba.

Zaituna kuwa ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Wannan tansiyo, wato hawan jini, ita ta kayar da yayan Alhaji, Abdulƙahar, a bakin tashar jirgin ruwa yana cikin ciniki, ɓarin jikinsa ya shanye. Da hannunta ta taya jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Ta san nauyin ƙaton namiji in ana juya shi a tabarma, ta san yadda bakin da ya saba ba da umarni yake komawa zubar da miyau. Ta yi alkawari tsakaninta da Mahaliccinta ba za ta ga Alhaji a haka ba, ko da za a sa mata suna goma.

Matsalar ita ce ciyayya. A layinsu, tun zamanin kakanni fatake, magidanci ba ya cin tuwon dare a ɗaki. In an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Dramane mai sayar da tayoyi, kowa ya zo da kwanon gidansa. Kuma abin da ƙa'ida. Ba ka duƙufa a kan naka. Na maƙwabci za ka ci ka yaba, shi kuma ya ci naka. Wanda ya rungume kwanon gidansa ya zagi matan mutane ke nan. Wanda ya ci a cikin gida kuwa mijin-ta-ce ne. Wanda aka gani a wurin masu gasa nama da magariba, to gidansa ba a ɗora tukunya.

Su uku ne a tabarmar. Alhaji, da Dramane, da Nouhou mai rediyo, wanda matarsa ta tafi Dosso haihuwa, shi ya sa shayi kawai yake kawowa, mai madara da sukari har cokali ya tsaya. Kwano biyu ke nan. Sai ya zama tuwon mara lafiya yana gaban masu lafiya suna kallonsa, mara lafiyar kuma ya nutsa hannu har wuya a miyar Hamsatou matar Dramane, wai ladabi yake yi.

"To ka ci a gida mana, Alhaji. Sati biyu kawai."

"In ci a gida? Ni? Zaituna, zamanin jam'iyya ɗaya ya wuce. Tun da aka yi babban taron Konferansi ƙasa ta samu baki. Ba mai tsare mutum a ɗaki ya ce ga abin da zai ci."

"Tansiyo ba ta je Konferansi ba."

"Nouhou ya karanta a jarida, lemon tsami yana narkar da mai. Tafarnuwa kuma tana wanke gishiri tas. Ni kuwa kullum sai na haɗiyi ƙwaya biyu."

"Shi ya sa sauro ya bar ɗakinmu."

Abin da ya faru, tun da aka buɗe wa mutane baki, jaridu suka yi yawa kamar kifi a bakin ruwan Placodji, kowace da likitanta. Wannan ta ce ƙwai guba ne, waccan ta ce ƙwai magani ne. Nouhou kuwa duk yana saye, ya zaɓi wadda ta dace da abin da ke cikin kwano ranar, ya karanta musu.

Washegari da hantsi Zaituna ta yafa gyale ta bi ta lungun baya, inda ƙofar kicin ɗinta ke kallon ta Hamsatou. Ta same ta a kan kujera 'yar tsugune tana ɓare dunƙule, ta tara takardunsu a gefe kamar mai gyaran gyaɗa. Hamsatou 'yar Djougou ce, mace mai jiki da murya, hannunta da nauyi. Inda mata ke sa dunƙule ɗaya ita uku take sawa, ta bi da gishiri, ta bi da daddawa, da kifi banda, da busasshen jatan lande, sannan ta tuntsura manja har miyar ta riƙa kallonka.

"Ƙawata, taimako na zo nema. Ki rage gishiri, don Allah. Alhaji a kwanonki yake kwana."

Hamsatou ta yi dariya har da dukan cinya.

"Gishiri! Me gishiri ya yi muku? Kakata ta ci gishiri da kanwa har haƙoranta suka ƙare, ba ta san wata tansiyo ba. Ruwan firigo ne, Yaya Zaituna. Shi ke daskarar da jini. Ki dubi manja in kin sa shi a sanyi, yaya yake komawa? To haka jinin mutum. Ki hana shi ruwan sanyi ki ga ikon Allah."

"Na ji. Amma ki rage."

"In rage, Dramane ya ce me? Shekara ashirin yana cin hannuna. Ko ƙwayar barkono na canza sai ya sani."

Nan wata dabara ta faɗo wa Zaituna. Ta ja kujera ta matso, ta rage murya.

"To kada ki rage komai. Mu yi musayar kwano. Ki zuba girkinki a shuɗin nan nawa, ni in zuba nawa a naki mai furanni. Alhaji zai ci kwanon maƙwabci yadda al'ada ta ce, ya ci marar gishiri. Dramane ya ci kwanon maƙwabci, ya ci girkin matarsa. Kowa ya ci rabonsa, ba wanda ya karya ƙa'ida."

Hamsatou ta tsaya da ɓarar dunƙule.

"Sunana fa? A ce kwanona ya fita da ruwan wanke hannu?"

"Ba ke kika ce ko barkono kika canza sai ya sani ba? Loma ɗaya zai gane miyarki ce a kwanona. Ya yi murmushi a cikinsa, ya rufa mana asiri."

"Ah, wannan kam! Dramane ko a duhu aka ba shi miyata zai kira sunana."

Suka tafa.

Da yamma aka yi musaya a lungu. Alhaji ya ɗauki shuɗin kwano a rufe ya fita da shi yana tsaki, don tun da 'ya'ya suka yi aure suka watse da kansa yake kaiwa. Zaituna ta shige ɗakin da tagarsa ke kallon titi, ta ɗan karkata allon tagar, ta zauna. Daga nan ana jin har tauna.

Alhaji ya yi bisimilla, ya janyo kwano mai furanni, ya yanko loma irin ta mai jin yunwa ya jefa. Sai muƙamuƙinsa ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya haɗiye kamar mai haɗiyar kinin.

"Madalla," ya ce a hankali. "Hajiya Hamsatou yau ta... ta tausaya mana."

Zaituna ta toshe baki da gyale.

Dramane kuwa ya miƙa yatsu biyu ga shuɗin kwano kamar mai taɓa dutsen guga. Ya ɗanɗana. Ya sake. Sai ya gyara zama ya naɗe hannun riga.

"Alhaji! Ikon Allah! Yau kuma wace rana ce a gidanka?"

"Me ya faru?"

"Wallahi tun da na auri Hamsatou ban ci miya irin wannan ba. Tata ai mai ne kawai da hayaniya. Wannan ita ce miya mai hankali. Ka ji yadda kifin ya zauna? Mace in ta iya, ta iya!"

Nouhou ya ajiye jarida ya sa hannu, ya lumshe ido.

"Na faɗa muku, canjin nan har tukunya sai ya shiga."

Alhaji ya dubi kwanon gidansa yana raguwa a gaban idonsa. Hannunsa ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya.

"Al'ada fa, Alhaji," in ji Dramane da baki cike. "Naka ne."

"Wace al'ada?" Nouhou ya ɗaga yatsa. "Tabarmar nan mai cikakken iko ce. A kaɗa ƙuri'a. Wa ya yarda daga yau kowa ya ci inda ransa ke so?"

Hannuwa uku suka tashi, biyu suna ɗigar manja. Ƙa'idar da fatake suka kawo a kan jakuna ta faɗi kafin a kira isha'i. Alhaji ya faɗa wa shuɗin kwano kamar wanda ya dawo daga kurkuku, sai da suka sa yatsa suka suɗe shi. Mai furanni kuwa ya koma gida da ramin loma ɗaya.

Ya shigo yana sakin gyatsa, fuska kamar an yi masa albishir.

"Uwar Labiba! Ashe kina ji ana magana. Haka ake so, a saurari jama'a. Hannunki ya dawo!"

A nan ya kamata Zaituna ta buɗe baki. Ta buɗe kuwa, sai dai abin da ya fito shi ne, "Allah ya sa ya yi daɗi."

Kada a zarge ta da yawa. Yabo shi ne giyar da ba ta karya alwala. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya cika Zongo cewa Madam Sansel ta farfaɗo. Matan da ke dariya a bayanta a wurin niƙa suka fara raɗa mata, wai me take sawa. Ita kuma sai ta yi murmushi ta ce sirrin kaka ne. Alhaji ya kawo mata turmin atamfa ba salla ba biki. Duk yamma in ta karɓi shuɗin kwano a lungu, ƙamshin na dukan hancinta, sai ta ce a ranta, gobe zan tsayar da abin nan. Goben kuma ba ta da ƙafa.

Hamsatou ta fara tambaya.

"Kwanona kullum cike yake dawowa. Wa ke cin naki to?"

"Alhaji yana ɗan taɓawa. Sabo ake yi."

"Dramane ya gane dai ko? Don bai ce min komai ba. Sai dai ya dube ni ya girgiza kai."

"Ya gane mana. Rufin asirin ke nan."

Ran nan da azahar sai ga Alhaji a bayan zemijan, ya baro motarsa a tasha. Idanu ja, yana dafe da ƙeya. Wai yana tsaye ana loda kamiyo sai ƙasa ta juya masa, aka kai shi kantin magani aka auna, suka ce ashirin, suka ba shi ƙwaya suka ce ya koma wurin likita da safe. Zaituna ta miƙa masa ruwa. Ta ga ruwan yana zuba a gaban rigarsa bai ma sani ba. Ta karɓi kofin ta ajiye.

"Ba komai ba ne," ya ce yana kwanciya a doguwar kujera. "Hayaniyar kamfe ce. Lasifika ta jam'iyyar nan, lasifika ta waccan, dole kai ya yi ciwo. Kada ki canza komai a girki, kin ji? Sa min tsumma mai sanyi."

Ta sa masa. Ta koma kicin ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuɓewa ba gishiri, tana yi tana leƙa falo ta ga ko ƙirjinsa na motsi.

Rana na jan jiki sai ga Hamsatou ta turo ƙofar baya da shuɗin kwano, miyar gyaɗa da kan rago, mai yana yawo a sama.

"Karɓi. Amma yau sai kin faɗa min gaskiya. Ɗazu Dramane ya ce min wai in riƙa shigowa gidanki in ana girki, wai zumunci. Wane irin zumunci ne a bakin murhu?"

Ƙarya tana nan a kan harshen Zaituna, a shirye, ba ta ma buƙatar ɗumi. Da ta faɗa, da atamfa ta zauna, sirrin kaka ya zauna. Sai ta ji nishin Alhaji daga falo. Ta dubi man da ke yawo a kwanon, ta dubi Hamsatou, ta ajiye ludayi. Kuma maimakon ta rage murya, sai ta ɗaga.

"Bai gane ba, ƙawata. Ko kusa. Da kunnena na ji. Cewa ya yi tun da ya aure ki bai ci miya irin wannan ba."

"Irin wace?"

"Irin taki, da ke cikin kwanona. Ya ce taki mai ne kawai da hayaniya."

"Hayaniya?"

"Ya ce mace in ta iya, ta iya. Yana faɗa yana suɗe yatsa. A gaban Nouhou, a gaban masu wucewa."

Hamsatou ta ajiye kwanon a hankali. Gyalenta ya zame ba ta ɗauka ba.

"Shekara ashirin! Hayaƙi ya cinye min ido, albasa ta cinye min hawaye, ashe ƙaton nan fentin kwano yake ci! Ni ce hayaniya? To wallahi tallahi..."

"Hajiya, tsaya! Kada ki rantse!"

Alhaji ne a bakin ƙofar kicin, jiƙaƙƙen tsumma a kansa kamar rawanin da ya sha ruwan sama. Ya ji komai.

"Wallahi tallahi, Dramane ba zai ƙara ganin ƙwayar gishiri a tukunyata ba, ko dunƙule, ko ɗigon manja, har sai azumi ya zo ya wuce! Ya ci miya mai hankali ya ƙoshi!"

"Inna lillahi! Hajiya, ki dubi girman Allah. Laifin mutum ɗaya ne, ya za ki hukunta tabarma gaba ɗaya? A zauna a tattauna mana. A kafa kwamiti."

"Kwamitin ya ci kansa. Yaya Zaituna, zuba min naki a mai furanni, ki zuba a wani kwano naki. Duka biyun daga tukunya ɗaya. Wannan kuwa," ta sungumi shuɗin kwano ta rungume, "ni da 'ya'yana za mu ci, mu da muka san darajarsa."

Zaituna ta zuba. Miyar tana sauka fara sol, ba ƙamshi ba laifi.

A bakin ƙofa Hamsatou ta juyo.

"Ke kuma, mai sirrin kaka. Gobe akwai suna a unguwar Tokpa-Hoho, duk matan Zongo za su je. Sai na faɗa wa kowa wace ce kakar."

"Faɗa musu, ƙawata. Ki fara da masu zemijan, sun fi saurin kai labari."

Hamsatou ta fice. Aka bar miji da mata da tukunya. Daga masallacin layi ladan ya fara gyaran murya.

"Kin kashe ni, Zaituna."

"A'a. Wannan ne dai ban yi ba."

"Kin san abin da kika yi? Kwano biyu a tabarma, duka ba gishiri. Ina zaɓi? Wannan ai juyin mulki ne!"

"To ka zauna ka ci a gida. Ga tabarma, ga fanka."

Ya dube ta kamar ta ce ya ɗaura zane. Ya dubi ƙofa. Ya buɗe kwanon da ta cika masa ya shinshina, ko Allah zai sa a samu kuskure. Ba a samu ba.

"Gobe da safe kuma asibiti, tare za mu je," ta ce. "Shayin Nouhou ma, in na ji ƙarar cokali a kofinka, da kaina zan fito in zauna a tabarmar."

"Ki fito! Ki zo ki zama shugabar ƙasa ma!"

Ya fizge tsumman daga kansa ya yi jifa da shi cikin baho, ya zura takalmi ɗaya daidai ɗaya a karkace, ya sungumi kwanon da hannu biyu. A zaure ya tsaya, ya rasa hannun da zai ja ƙofa, sai ya fita ya sa diddige ya maka ta, garam, har tukwanen da ke rataye a bango suka amsa.